Manya Gaba, Goronyo Baya: Wa Ke Jera Labaran Dare?

Ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, 'yan bindiga suka dira kasuwar Goronyo tana cikin ci, suka buɗe wa jama'a wuta. Daga baya gwamnatin jihar Sakkwato ta tabbatar da cewa mutum 43 ne suka rasu. A lokacin an kusa wata guda da katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, har da Goronyo da Rabah, saboda haka ba mai iya ɗaga waya ya sanar da ɗan'uwansa na birni halin da ake ciki. Galibin 'yan Nijeriya sai washegari Litinin suka ji, kuma daga bakin gwamnan wancan lokaci, Aminu Waziri Tambuwal, suka ji, yana jawabi a gidan gwamnati sa'ilin da Babban Hafsan Sojojin Ƙasa, Laftanar Janar Faruk Yahaya, ya kai masa ziyara.

Mu tsaya nan tukuna. An kashe mutum 43 a kasuwa, amma ƙofar da labarinsu ya bi ya fito duniya ita ce ziyarar ban-girma. Ba mu ga laifin gwamna da ya faɗa ba, gara ma da ya faɗa. Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne, ko waya na aiki ko ba ta aiki, haka labarin ƙauye ya saba shiga talabijin a ƙasar nan: sai wani babba ya furta shi a gaban kyamara sannan ya cika labari. Katse waya tona asirin wannan ɗabi'a kawai ya yi, dama can tana nan.

Mu da ke wannan rubutu 'ya'yan gabashin Sakkwato ne, tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo aka yanke mana cibiya, kuma rubuta manhajar kwamfuta ce sana'armu. Akwai darasin da ake koya wa ɗalibin wannan sana'a tun a shekararsa ta farko: idan aka ba ka tarin bayanai aka ce ka jera su, tambayar farko ita ce, da wane ma'auni? Sunayen 'yan aji ana iya jera su da harafin farko, ana iya jera su da makin jarrabawa. Sunayen ba su canza ba, amma wanda ke sama ya canza. Shirin labaran dare shi ma jeri ne. Ƙorafinmu kuwa guda ɗaya ne: ma'aunin da tashoshinmu, musamman na gwamnati, ke jera labaran dare da shi shi ne girman kujerar mai magana. Abin da ya shafi ran mai kallo da tukunyar gidansa sai an gama da manya, in an samu sauran lokaci.

Yadda ake dafa shirin

Mai kallo mutum ɗaya ko biyu yake gani a zaune, sun ci ado, suna karatu. Waɗannan su ne ƙarshen layi. Aikin tun da safe yake farawa, a taron editoci, inda ake buɗe littafin ayyukan rana: takardun gayyata da suka iso, sanarwar ofisoshi, jadawalin gidan gwamnati, zaman majalisa. Daga nan a raba ma'aikata. Kowane aiki na buƙatar wakili, da mai ɗaukar hoto, da kyamara, da mota mai mai a tanki. Wajen la'asar su dawo, wakili ya rubuta rahoto, edita ya gyara, a shiga ɗakin tace hoto a yanke a haɗa, a ɗora murya. Sai furodusa ya fitar da takarda guda, wato jerin labarai: wanne ne na ɗaya, wanne ne na biyu, kowanne minti nawa da sakan nawa. Idan lokaci ya yi, darakta na can wani ɗaki gaban allunan hoto yana ƙirga sakan a kunnen mai karatu, shi kuma yana bin rubutun da ke gudana a gilashin da ke gaban kyamara. Sau da yawa ko layi ɗaya ba shi ya rubuta ba.

Mu yi ɗan lissafi. A ce shirin rabin awa ne. A cire kanun labarai, da talla, da wasanni, da sallama, a ce saura minti 24. Idan kowane rahoto ya ci minti biyu, gurbi 12 ke nan. Jihar Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23. Ko da ba a taɓa labarin ƙasa ko na duniya ba, kusan rabin jihar ba za ta samu shiga a dare guda ba. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka agogo yake. Amma shi ya sa waccan takarda guda ta fi kowace na'ura daraja a tashar. Duk labarin da aka sa, wani aka cire. Duk minti biyun da aka ba bikin rantsar da kwamiti, wani gari aka hana.

Matsalar kuwa tun da hantsi take shigowa. Littafin ayyukan rana da abin da aka aiko yake cika. Ma'aikatar gwamnati na da jami'in yaɗa labarai mai aiko da takarda. Ɗan majalisa na da hadimi mai buga waya. Manomin albasa a fadamar Wurno ba shi da ko ɗaya. Matar da aka koro daga ƙauyensu a gundumar Gandi ba ta da hatimi, ba ta da sakatare. A sana'armu kowa ya san manhaja ba ta fitar da abin da ba a shigar mata ba. Ɗakin labaran da ke zaune yana jiran gayyata, labarin masu iya gayyata zai yi ta fitarwa, ko da kuwa duk ma'aikatansa waliyyai ne.

Wanda ke ganin mun ƙara gishiri, ga gwaji mai sauƙi, gani ya kori ji. Yau da dare ya ɗauki biro da takarda, ya kunna labaran tashar jiharsa, ko labaran ƙarfe tara na NTA, ya rubuta labarai biyar na farko. A gefen kowanne ya rubuta abu biyu: wa ya yi magana, kuma a wane gari aka ɗauki hoton. Ya yi haka kwana bakwai. Takardarsa za ta ba shi amsa ba sai mun sa baki ba.

Faretin da bai watse ba

Ruwa ba ya tsami banza. Talabijin a Nijeriya gwamnati ce ta haife shi. Gwamnatin Jihar Yamma ta Obafemi Awolowo ta buɗe tasha a Ibadan a 1959. Gwamnatin Arewa ta buɗe tata a Kaduna a 1962, ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, haifaffen Rabah. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA. Sai a 1992 doka ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tasha, aka kuma kafa hukumar NBC mai sa musu ido. Wato an yi shekara fiye da talatin ana horar da ma'aikata a gidan da mai gida shi ne labarin farko. A zamanin soja jerin labarai tamkar faretin bariki yake: shugaban ƙasa, sai mai bi masa, sai gwamna, sai kwamishina. Soja sun koma bariki tun 1999, amma a ɗakin labarai fareti bai watse ba.

Abu biyu ke riƙe da shi har yau: kuɗi da tsoro.

Tun ƙarshen shekarun 1980, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta ce hukumomi su riƙa neman na kansu, tashoshi suka buɗe ƙofar karɓar kuɗi kafin su ɗauki taro su sa shi cikin labarai. Naɗin sarauta, ƙaddamar da littafi, taron ƙungiya, bikin yaye ɗalibai, kowanne da farashinsa. Mai karatu zai karanto shi da murya ɗaya da wadda ya karanta labarin ambaliya, mai kallo kuma ba shi da hanyar bambance wanda aka nemo da wanda aka saya. Ga kuma ɗan abin da ake damƙa wa wakili bayan taro da sunan kuɗin mota. In baki ya ci, ido sai ya ji kunya. To, a wannan kasuwa, wa zai biya wa mutanen da gonarsu ke ƙarƙashin ruwa? Wa zai biya wa ƙauyen da aka ɗora wa harajin 'yan bindiga? Wanda ya fi kowa buƙatar a ji shi, shi ne wanda ba shi da ko sisin sayen gurbi.

Shi kuwa tsoro yana da tarihi a rubuce. A watan Yuli na 2021 hukumar NBC ta aika wa tashoshi takarda tana gargaɗinsu kan ba da bayanai dalla-dalla game da hare-haren 'yan ta'adda da 'yan bindiga. A watan Agusta na 2022 ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda wani shiri da ta yi kan 'yan bindigar Arewa maso Yamma, ta kuma ci irin wannan tara kan kamfanonin da suka haska shirin BBC kan 'yan bindigar Zamfara. A watan Oktoba na shekarar, gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi a Gusau, har da NTA, don sun ɗauki taron jam'iyyar adawa. Gaskiya ne a watan Mayu na 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa NBC ba ta da hurumin cin tarar tashoshi. Amma edita ya riga ya ɗauki darasi. Ya ga abin da ya samu wanda ya shiga daji da kyamara, ya kuma san ba a taɓa cin tarar kowa don ya nuna yanke kyalle ba. A tashar jiha kuwa gwamnati ce ke naɗa shugaba, ita ke biyan albashi. Ba sai an bugo waya an ce cire kaza ba. Mutum da kansa zai cire tun kafin a tambaya.

Saboda haka ba da ma'aikaci muke faɗa ba. Mun san akwai masu ɗaukar hoto da ke hawa babur da kyamara a kafaɗa cikin rana, akwai wakilan da suka san gaskiya suna haɗiye ta. Da ma'aunin muke faɗa. Sashe na 22 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa jaridu da rediyo da talabijin nauyin tabbatar da cewa gwamnati na ba jama'a bahasi. Bai ware tashar gwamnati ba.

Hausar da ba ta san gida ba

Ko labarin da ya samu shiga, a ji yadda ake ba da shi. Rahotanni da yawa da Ingilishi ake fara rubuta su, sannan a miƙa wa mai fassara ana saura kaɗan a shiga shiri. Daga nan ne muka gaji wata Hausa da ba a yin ta a ko wace kasuwa: wane ya jaddada ƙudirinsa, wane ya yi kira ga masu ruwa da tsaki, wane ya nanata cewa ba za a yi ƙasa a gwiwa ba. A ɗauki waɗannan jimloli a liƙa wa kowane jami'i a kowace shekara, za su zauna daram. Jimlar da ta dace da kowace rana ba ta faɗi komai game da yau ba.

Hoton ma haka. Babban teburi, robobin ruwa, ayarin motoci, musabaha. Idan talaka ya fito, bakinsa ne ke motsi muryar wakili na rufe shi, ko kuma a ba shi sakan goma ya ce sun gode. Mutumin Rabah da ya kwana a daji da 'ya'yansa yana da abin faɗa da Sakkwatancinsa, kuma babu Bahaushen da zai kasa fahimtarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Me ya sa kullum sai an samo wani daga birni ya yi mana bayanin yoyon?

Ranar 18 ga Afrilu, 1930, mai karanta labaran dare a rediyon BBC a Ingila ya sanar da masu sauraro cewa yau babu labari, aka sa musu kiɗan fiyano ya cike lokacin. Ana ba da wannan a matsayin abin dariya. Mu dai muna ganin gara su, sun faɗi abin da suka yi imani da shi. A wurinmu labari na nan jibge, amma sai a cike rabin awa da jaddada ƙudiri.

Labaran da ke kwance ba mai ɗauka

Kada a ɗauka labarin kisa kaɗai muke nema. Garin da ba a ambatonsa sai an zubar da jini shi ma an zalunce shi. A dubi madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Noman rani a kwarin Rima ya dogara da ita, ruwan famfon birnin Sakkwato ma haka. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, ambaliya ta cinye garuruwa da gonaki a bakin gulbi, har ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuma aka ga akasin haka: ruwan ya ja baya har ya koma kusan kashi 10 cikin ɗari na abin da take ɗauka. Duka biyun sun zama manyan labarai bayan aikin gama ya gama. Amma ruwan dam ba a dare ɗaya yake cika ba, ba kuma a dare ɗaya yake ƙafewa ba. Yana da ma'auni, kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da shi. Me zai hana kowane dare a ware sakan talatin a ce yau ruwan Goronyo yana kaza, jiya yana kaza, za a saki ruwa ranar kaza? A Ingila BBC ta yi kusan shekara ɗari tana karanta wa matuƙa jiragen ruwa hasashen yanayin teku kowace rana, ba ta gaji ba. Manomin shinkafa a Wurno bai fi masuncin Ingila arha ba.

Haka farashi. Wurno da Goronyo ƙasar albasa ce da tafarnuwa da shinkafa. Nawa aka sayar da buhu a kasuwar Achida wannan mako? Nawa a Goronyo ranar Lahadi? Nawa ne buhun taki? Manomin da ya san farashin birni, dillali ba zai yi masa wayo a bakin gona ba. Wannan labari ne da ake iya juya shi ya zama kuɗi a aljihu, kuma tattara shi bai wuce kiran waya uku ba.

Sai babban gibi: bibiya. A watan Yuli na 2018 aka kai hari Tabanni da ƙauyukan da ke kewaye da ita a gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah, aka kashe mutum fiye da 30, dubbai suka yi gudun hijira zuwa garin Gandi. Manya sun je jaje, kyamarori sun bi su, an yi alkawura. A watan Agusta na 2025 kwale-kwale ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo, alkaluman waɗanda suka ɓace da waɗanda aka ceto suka yi ta canzawa a kwanakin da suka biyo baya. A kowanne, rahoton ziyarar jaje shi ne kan gaba. Amma tambayoyin da suka fi shi nauyi daga baya suke zuwa. Mutum nawa suka koma gida? Wa ke noma gonakinsu? Yaransu na zuwa makaranta? An kawo rigunan kariya daga nutsewa, kuma ana sa su? A wurin aikinmu, idan aka kawo ƙarar matsala a manhaja, ana buɗe mata shafi da lamba da kwanan wata, kuma ba mai ikon rufe shafin sai an gyara an gwada. Ɗakin labarai shi ranar jaje yake rufe shafi. Shi ya sa alkawari ya yi arha a ƙasar nan: mai yin sa ya san kyamara ba za ta dawo ba.

Uzurori uku

Za a ce mana, wa ke kallon talabijin a ƙauyen da ba wuta? Rediyo ce sarauniya, sai waya. Wannan gaskiya ne. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake shiga bukkoki, ga na Jamus da Faransa. Kai, shi kansa Gwamna Tambuwal a hira da sashen Hausa na Muryar Amurka ya bayyana batun katse waya a Satumbar 2021. Amma wannan hujja a kan tashoshinmu take, ba a gare su ba: mutane sun tafi inda suke jin sunan garinsu ne. Ban da haka, rahoton talabijin a yau ba ya mutuwa a akwati. Ana yanko shi ya shiga WhatsApp da Facebook, ya kai inda wutar lantarki ba ta taɓa kaiwa ba. Kuma akwai masu kallon da ba sa fashi: kwamishina, babban sakatare, shugaban ƙaramar hukuma, duk suna kallo don su ga kansu. Abin da suka gani a jeri na ɗaya shi suke ɗauka damuwar jiha. Idan sati ya zagayo ba su ga Gandi ba, a wurinsu Gandi lafiya lau take. Sannan tashar gwamnati da dukiyar jama'a ake tafiyar da ita, har da kason mutumin da ba shi da akwatin kallo.

Za a ce tsaro: ba da labarin hari tallata ɓarayi ne, kuma tura wakili daji jefa shi cikin halaka ne. Ba mu ce a faɗi inda soja suka kwana ko hanyar da za su bi ba. Amma shiru bai taɓa hana ɗan bindiga talla ba. Irin su Bello Turji da kansu suke ɗaukar bidiyo su sake, ya zagaye wayoyi kafin gari ya waye. Mun kai matsayin da mai kisa na da hanyar isar da muryarsa, wanda aka kashe wa 'ya'ya ba shi da ita. Inda tasha ta yi shiru, jita-jita ce ke hawa kujerar: tsohon bidiyo daga wata ƙasa, muryar da ba a san mai ita ba, adadin da aka ninka sau uku. Maganin wannan shi ne sahihin rahoto mai suna da wuri da lokaci, daga bakin da jama'a suka yarda da shi.

Za a ce babu kuɗi, babu mota, babu mai. Motar da ke bin ayarin gwamna da ruwa take tafiya? Kuma zamanin da sai da babbar kyamara da mutum huɗu ya wuce. Wayar da ke hannun mai karanta wannan rubutu, in an haɗa ta da ƙaramin makirufo da abin ɗora ta, ta isa ɗaukar hoton da za a haska. Akwai malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da matasa masu digiri zaune a Wurno da Rabah da Goronyo, sun san kowace hanya da kowane mai unguwa. Abin da ya rage horo ne, da albashi na mutunci, da edita a birni mai tantance abin da suka aiko, da kuma ɓoye sunansu in rayuwarsu na cikin haɗari.

Abin da muke nema

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, marubucin Infaƙul Maisuri, bai zauna cikin birnin Sakkwato yana jiran a kawo masa rahoton bakin daga ba. Ya gina Wurno a matsayin ribaɗi, ya tare a can, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Ya san ba a tsare iyaka daga zaure. Ɗakunan labaranmu ma ribaɗi suke buƙata. Ga abin da muke nema daga Rima TV, da NTA Sakkwato, da duk tashar da ke cewa da mu take:

Na ɗaya, wakili mazauni a kowace ƙaramar hukuma ta gabashin jiha, wanda a can yake kwana, a can yake cefane.

Na biyu, a sauya ma'aunin jeri, a rubuta shi a manna a bangon ɗakin labarai: mutum nawa abin ya shafa, kuma me ya taɓa a rayuwarsu? In jawabin gwamna ya ci wannan jarrabawa, ya zo na ɗaya, ba mu da ja. In bai ci ba, ya bi layi.

Na uku, duk rahoton da aka biya kuɗi aka sa, a rubuta a ƙasan hoton cewa an biya, a kuma raba shi da labarai.

Na huɗu, minti ɗaya kowane dare na ruwan dam, da farashin kasuwa, da halin da hanyoyi ke ciki.

Na biyar, littafin alkawura. Duk alkawarin da jami'i ya yi a gaban kyamara a rubuta shi da kwanan wata, a koma wurin bayan wata ɗaya, bayan wata uku, bayan shekara, a nuna wa jama'a abin da aka tarar. Manhajar da za ta riƙe wannan lissafi ba ta fi aikin 'yan kwanaki ba, kuma a jihar nan akwai matasa da yawa da za su iya rubuta ta.

Na shida, a fara rubuta labarin Hausa da Hausa, a bar mai abu ya faɗi abinsa da bakinsa.

Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar sabuwar doka ko kwangilar biliyoyi. Edita mai zuciya da shugaban tasha mai kunya sun isa su fara gobe da safe, a taron editoci, da tambaya ɗaya: yau wa muka bari a waje? Mu kuma masu kallo mu daina kashe akwati muna tsaki mu kwanta. Mu yi gwajin kwana bakwai, mu ɗauki hoton takardar, mu aika wa tashar a shafinta, mu sa sunan garinmu. Majalisar dokokin jiha ce ke amincewa da kasafin tashar jiha, kuma Wurno da Rabah da Goronyo duk suna da wakilai a cikinta. Mu tambaye su sau nawa suka tashi suka yi wannan magana.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tashoshin nan namu ne, da su muka girma, kuma muna son ranar da tsoho a Achida zai ce a yi shiru lokacin labarai ya yi, don ya san za a faɗi abin da zai amfane shi gobe. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu lafiya, Ya ba masu riƙe da alƙalami da kyamara ikon faɗin gaskiya.